Ƙauri, ƙarni da ɗoyi: abin da warin na'urar ɗumama gida ke nufi

Na'urar da ake magana a kanta ita ce mai aiki biyu da inji ɗaya. Lokacin zafi tana kwashe zafin ɗaki ta fitar da shi waje kamar kowace iyakwandishan, lokacin sanyi kuma ta juya, ta ɗebo zafi daga iskar waje ta shigo da shi ciki. Shi ya sa ake ce mata famfon zafi, don tura zafi take yi daga wani wuri zuwa wani kamar yadda famfo ke tura ruwa. Ba ta ƙona komai. Babu harshen wuta a cikinta, babu hayaƙi, gas ɗin da ke zagayawa cikin bututanta kuma a kulle yake, ba ya gauraya da iskar da mutane ke shaƙa. Lafiyayyar na'ura ba ta da wari nata na kanta. Duk abin da hanci ya ji daga bakinta daga wani wuri ya fito: ruwan da ya kwanta, ko wutar lantarki da ta fara cin abin da ke kusa da ita, ko wani abu da fanka ta zuƙo daga wani lungu, ko yoyo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne auna haɗari da ƙarfin wari. Warin da ke korar mutane daga ɗaki, mai kama da na tsohuwar safa, galibi datti ne kawai, zai iya jiran mako. Ɗan ƙarnin nan kuwa da ke zuwa ya ɓace, wanda sai an tsaya an shinshina ake jinsa, yana iya zama waya ce ke narkewa a bayan murfi. Wanda ya fi su duka muni ma hanci ba ya kama shi sam.

Saboda haka kafin a tambayi wane irin wari ne, a fara lura da lokacin da yake zuwa. Da kunna na'ura yake tashi, ko sai ta jima tana aiki? A yanayin ɗumamawa ne ko na sanyayawa, ko daidai lokacin da ta sauya daga wannan zuwa wancan? Yana raguwa ko ƙaruwa yake yi? Daga duk ƙofofin iska yake fita ko daga guda ɗaya? In aka kashe na'urar yana nan? Amsoshin nan sun fi sunan warin amfani ga mai gyara, kuma sau da yawa su kaɗai sun isa a gane ko aikin mai gida ne ko na ƙwararre.

Akwai uku da ba sa buƙatar kiran kowa. Sabuwar na'ura takan yi warin roba da na man da aka shafa wa ƙarafanta a masana'anta, ya gushe cikin 'yan kwanaki. Na biyu ƙaurin ƙura ne a ranar farko ta sanyi. Yawancin manyan na'urorin da ke raba iska ta bututai suna da wayoyin ɗumamawa na taimako, masu ƙarfin kilowat 5, 10 ko 15, da ke kamawa idan sanyin waje ya fi ƙarfin injin. Watanni suna zaune ƙura na sauka a kansu, ranar da suka yi ja sai su ƙone ta. Wannan ƙaurin busasshe ne, kamar na dutsen guga da aka daɗe ba a jona ba, kuma raguwa yake yi har ya ɓace cikin rabin awa zuwa awa guda. Na uku ba wari ba ne ma, farin abu ne da ke tashi daga injin waje da asubar sanyi, mai kama da hayaƙi. Tururi ne. Idan zafin waje ya sauko kusa da digiri 5 ko ƙasa da haka, ga laima a iska, ƙanƙara kan lulluɓe koyil ɗin waje, wato jerin bututan da gas ke bi yana musayar zafi da iska, sai na'urar ta juya aikinta na 'yan mintuna ta narkar da ita. Tururi fari ne, ba ya wari, yana watsewa nan take. Hayaƙin gaske yana da duhu, yana harbin hanci.

Ƙauri da ƙarni

Ƙaurin da ya wuce awa guda, ko ya dawo washegari, ko ya zo da warin roba, ba ƙura ba ce. A nan ba a jira. A kashe na'urar daga rimot ko na'urar daidaita zafi, sannan a je a sauke makashin wutarta a akwatin lantarki, domin kashewa da rimot ba ya yanke wuta daga cikinta.

Abin da ya fi jawo wannan shi ne sakin jiki a mahaɗar waya. Injin na rawa kullum, ƙarfe na buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, a hankali sukurun da ya danne waya ya yi sako-sako. Inda mahaɗa ta saki, wuta na wucewa da ƙyar, wurin ya ɗau zafi. Zafin kuma ba daidai da yawan wutar yake ƙaruwa ba: in wutar ta ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake yi. Wayoyin ɗumamawa masu kilowat 10 a kan bolt 240 suna jan sama da amfiya 40. Irin wannan wuta in ta bi ta sakakkiyar mahaɗa, robar da ke jikin wayar za ta yi baƙi, ta narke, tun kafin makashin wuta ya san ana yi. Shi makashin yawan wuta yake gani, ba ya ganin zafin da ya taru a wuri ɗaya. Don haka cewa "ai wuta ba ta faɗi ba" ba hujja ba ce.

Ƙarnin da ake ji kamar na kifi, ko wani ɗan zarni-zarni, shi ne ya fi yaudara. Mutane sukan duba kwandon shara, su wanke ƙasa, su zargi kyanwa. Wasu robobi masu tauri da ake yin soket, makunni da mazaunin waya da su, idan suka yi zafi fiye da kima, irin warin da suke fitarwa ke nan. In ƙarni na zuwa ne idan na'ura ta jima tana aiki, yana tafiya idan ta huta, to a ɗauke shi maganar lantarki har sai an tabbatar ba ita ba ce.

Sauran masu laifin sanannu ne. Kafasita, ɗan gwangwanin da ke taimaka wa motar lantarkin da ke cikin na'urar ta tashi, in ta gaji samanta kan kumbura, wani lokaci ta zubar da mai. Motar sai ta yi ta gurnani ba ta juya ba, wayoyin cikinta na gasuwa, fentin da ke raba su yana ƙonewa da wani kaifin wari. Kwantakta, makunnin da ke jona kwamfuresa (injin da ke matsa gas ɗin na'urar), bakinta kan ci ya yi baƙi saboda tartsatsi, tururuwa kuma na son shiga tsakanin haƙoranta su mutu a nan. Ɓera kan ciji waya, ƙadangare kan kwanta a kan allon lantarkin injin waje don ɗumi ya haɗa layi biyu da jikinsa. Boris ɗin fanka in ya bushe yakan fara da ƙara, sannan warin ƙarfe mai zafi da ƙonannen giris. Akwai kuma wanda mai gida ke jawowa da kansa, wato toshewar filta. In iska ba ta wucewa yadda ya kamata, wayoyin ɗumamawa ba sa samun mai kwashe musu zafi, motar fanka ma haka, komai na ciki ya yi ta dahuwa.

Abu biyu ba a yi. Ba a ta mayar da makashin wuta yana faɗuwa. Sau ɗaya ya isa gwaji, in ya sake faɗuwa a bar shi a ƙasa. Kuma ba a buɗe murfin lantarki da hujjar an kashe wuta. Kafasita na riƙe caji bayan an yanke layi, na'urori masu inbata kuwa manyan kafasitocin allonsu na iya riƙe sama da bolt 300 na mintuna da dama. Mai gyara yana aunawa kafin ya taɓa.

Inda ruwa ke kwana

Ruwa ba ya tsami banza, kuma mafi yawan koke-koken wari daga ruwa suke. Lokacin sanyayawa koyil ɗin ciki ya fi iskar ɗaki sanyi sosai, laimar iska sai ta zama raɓa a jikinsa, ta gangara cikin tire, ta bi bututu ta fita. A rana mai laima babbar na'ura na iya tara lita goma ko fiye. Duk ƙurar da ta tsallake filta, da ɓurɓushin fatar mutane, gashin dabbobi, maiƙon girki da hayaƙin taba, a kan wannan jiƙaƙƙen ƙarfe suke manne wa. Ga duhu, ga danshi, ga abinci. Ƙwayoyin cuta da fumfuna ba abin da suka rasa.

Warin safa da aka ambata a baya kusan ciwon famfon zafi ne shi kaɗai, kuma dalilinsa na cikin yadda take aiki. Murhun ɗumama gida mai ƙona gas yana zafi sosai, abin da ya sauka a jikinsa ba ya rayuwa. Koyil ɗin famfon zafi kuwa lokacin ɗumamawa yakan tsaya wajen digiri 40 zuwa 50. Wannan ya isa ya busar da yauƙin da ke jikinsa, bai isa ya kashe abin da ke ciki ba. Sai lokacin narkar da ƙanƙara ya zo. Bawul mai juya tafiyar gas ya sauya hanya, koyil ɗin ciki ya yi sanyi na 'yan mintuna, raɓa ta sauka a kan busasshen dattin, ya jiƙe, sannan zafi ya dawo ya turara shi cikin ɗaki. Shi ya sa warin ke zuwa kwatsam, ya yi minti goma ko ashirin, ya tafi, ya dawo bayan awa ɗaya ko biyu. Shi ya sa kuma ya fi tsanani a tsakanin yanayi biyu, lokacin da ake ɗumamawa da safe a sanyaya da rana. Wanda ya lura warin na biyo bayan wata ƙarar huci daga injin waje ya riga ya gano ciwon.

Fesa turare a bakin na'ura ƙara wa dattin abinci ne kawai. Magani shi ne wanke koyil, kuma a nan ake yawan yin rabin aiki. Koyil ba fuska ɗaya ba ne, layukan bututu ne biyu, uku ko huɗu a jere, da siraran fikafikan alminiyam a matse. Kumfar da aka fesa daga gaba sau da yawa ba ta kai tsakiya. Akwai kumfar da aka ce ba ta buƙatar ɗauraya, amma raɓar koyil ce ke ɗauraye ta, wato sai a lokacin sanyayawa take aiki. Wanda ya fesa ta a tsakiyar sanyi ya bar sabulu da datti a wuri ɗaya. Magunguna masu ƙarfin asid ko masu kaifin soda da ake wanke koyil ɗin waje da su ba na ciki ba ne, suna cin alminiyam, tururinsu kuma cikin ɗaki zai shiga. Bilic ma haka, yana cin ƙarfen. Ruwa mai matsi sosai yana kwantar da fikafikan ya toshe hanyar iska. In an wanke da kyau warin ya dawo cikin makonni, sai a yi maganar ciro koyil ɗin a wanke shi a waje, ko sauya shi da mai rufin kariya. Fitilar da ke kashe ƙwayoyin cuta da haske tana hana sabon tsiro a inda haskenta ya kai, amma ba ta cire dattin da ya riga ya kafu, ƙwanta kuma yana raunana ana sauya shi lokaci-lokaci ko da yana ci.

A ƙananan na'urorin da ake kafawa a bango, ba koyil ne kaɗai wurin dubawa ba. A kashe na'urar, a buɗe leɓen da iska ke fita, a haska tocila ciki. Akwai doguwar fanka mai siffar gora kwance a bayansa. In an ga baƙaƙen ɗigo ko wani abu kamar auduga a kan haƙoranta, daga nan warin rima yake fitowa, kuma wanke ragar filta sau goma ba zai taɓa shi ba. Ragar dai a riƙa wanke ta duk mako biyu zuwa huɗu, a bar ta ta bushe sarai kafin a mayar. Filtar takarda mai kaurin inci ɗaya ta manyan na'urori a duba ta duk wata, a sauya tsakanin wata ɗaya zuwa uku gwargwadon ƙurar gida.

Maganar barin fanka na juyawa tana da fuska biyu. A na'urar bango, barin fanka ita kaɗai ta yi kamar rabin awa bayan an gama sanyayawa yana busar da ciki, da yawansu ma suna da maɓallin yin haka da kansu. A babbar na'ura kuwa, barin fanka na aiki dare da rana yana mayar da ruwan koyil cikin iskar gida duk lokacin da kwamfuresa ta tsaya, laima ta ƙaru. Laimar cikin gida ana so ta tsaya ƙasa da kashi 60 cikin ɗari. Na'urar da ta fi ƙarfin gidan da aka sa ta ma na jawo wannan: tana sanyaya ɗaki cikin mintuna kaɗan ta tsaya, ba ta jima ba balle ta tatse laima. Gidan ya yi sanyi amma da danshi, wankin koyil kuma ba ya gyara kuskuren awo.

Bututun fitar da ruwa ƙaramin abu ne mai yawan rigima. Yana buƙatar gangare na aƙalla santimita ɗaya a kowace mita. In ya lotsa a tsakiya, ruwa ya kwanta, yauƙi da gansakuka su toshe shi, tire ya cika ya yi tsami. Mai gida zai iya zuba kamar kofi ɗaya na ruwan khal ta bakin bututun, ya bar shi rabin awa, ya bi da ruwa mai yawa. Kada a taɓa haɗa ruwan khal da bilic, haɗinsu na fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. In ruwan bai wuce ba, ana zuƙo toshiyar daga bakin waje da injin shara mai shan ruwa. Ruwa na ɗiga daga silin ko bin bango kuwa ya wuce aikin kofi.

Ɗoyi, da ruɓaɓɓen ƙwai

Wannan wari ɗaya ne mai uwaye huɗu, kuma dole a fara da mafi haɗari. Gas ɗin girki da na ɗumama gida asalinsu ba su da wari, da gangan ake zuba musu wani sinadari mai warin ruɓaɓɓen ƙwai don a gane yoyo. Dokar zuba shi ta yi ƙarfi ne bayan 1937, lokacin da gas marar wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a garin Niyu Landan na jihar Teksas ta Amurka, ya fashe, ya kashe mutum kusan 300, yawancinsu yara. Famfon zafi ba ta amfani da irin wannan gas, amma wasu gidajen suna haɗa ta da murhun gas da ke karɓar aiki in sanyi ya tsananta, kuma fankarta na iya zuƙo yoyo daga ko'ina ta raba wa ɗakuna. In akwai bututun gas a gidan kuma aka ji wannan wari, ba a taɓa makunnin fitila, ba a kunna komai, ba a kashe komai. A fita, a bar ƙofa a buɗe, a kira masu gas daga waje.

In babu gas a gidan, sai a duba lanƙwasar bututun ruwa. A ƙarƙashin babbar na'ura bututun na da wani ɗan lanƙwaso mai riƙe ruwa, ruwan ne ke zama murfi ya hana iska bi ta bututun ta dawo. Duk lokacin sanyi koyil ɗin ciki ba ya fitar da ruwa, lanƙwason ya bushe. In an jona bututun kai tsaye da magudanar bayan gida, wanda bai kamata a yi ba tun farko, fanka za ta riƙa zuƙo iskar kwata tana rabawa. Kofi biyu na ruwa a lanƙwason na tsayar da warin nan take. Gyara na dindindin shi ne a raba bututun da magudanar, a bar tazarar iska tsakaninsu.

Na uku mushe ne. Ɓera ko tsuntsu ya shiga bututun iska ya mutu. Alamarsa ita ce warin ya fi ƙarfi a ƙofar iska ɗaya, yana ƙaruwa na 'yan kwanaki, wani lokaci da ƙudaje. Bayan an cire, a nemo ɓarakar da ya shiga, in ba haka ba wani na tafe. Na huɗu na masu famfon zafi mai dafa ruwan wanka ne. In warin ƙwai a ruwan zafi kaɗai yake, ruwan sanyi lafiya lau, to sandar magniziyam da ke kare tanki daga tsatsa ce ke haɗuwa da wasu ƙwayoyin cuta masu cin sinadarin kibiritu da ke cikin ruwa. Ana wanke tankin, a kai zafinsa digiri 60, a sauya sandar da ta alminiyam da zink ko mai aiki da lantarki. Cire ta gaba ɗaya yana kashe warin, ya kuma kashe tankin.

Wanda hanci ba ya kamawa

Ana yawan cewa yoyon gas ɗin sanyi, wato wanda ke zagayawa cikin bututan na'urar, yana da wani zaƙi-zaƙin wari. Gaskiya ita ce kusan duk gas ɗin da ake amfani da su ba su da warin kirki. In yoyon babba ne a ƙaramin ɗaki, ana iya jin wani ɗan warin sinadari, yawancinsa ma na man kwamfuresa ne da ke fita tare da gas ɗin. Ƙaramin yoyo, wanda shi ne aka fi samu, hanci ba ya jinsa. Da ido da kunne ake kama shi: maiƙo a mahaɗar bututu wanda ƙura ta manne wa, ƙanƙara a koyil ɗin ciki ko a bututun jan ƙarfe lokacin sanyayawa, wani siririn huci, na'ura na ta aiki ba ta kai inda aka saita ta, kuɗin wuta na hawa. Lafiyayyar na'ura tana sanyayawa, iskar da ke fita takan fi wadda ke shiga sanyi da kamar digiri 8 zuwa 11. In filta na da tsabta amma tazarar ta ragu sosai, akwai magana.

Irin gas ɗin da ke ciki a rubuce yake a allon jikin injin waje, kuma yana da kyau a karanta. R-22 na tsofaffin na'urori ne, Yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 ce ta sa aka yi ta janye shi saboda yana lalata rufin ozon, Amurka ta daina ƙera shi da shigo da shi a 2020. R-410A da ya gaje shi ba ya kama wuta amma yana ɗumama duniya ninki sama da 2000 a kan iskar kabon, shi ma ana kan rage shi. Sababbin na'urori suna zuwa da R-32 ko R-454B, waɗanda ke iya kamawa da wuta ko da yake da ƙyar, ko R-290, wanda furofen ne zalla, ɗan'uwan gas ɗin girki, mai saurin kamawa. Abin lura game da R-290 shi ne galibi ba a zuba masa sinadarin wari, don haka yoyonsa ba ya sanar da kansa kamar na tukunyar girki. Shi ya sa masu ƙera irin waɗannan injinan ke shata tazara kewaye da su, sau da yawa kamar mita ɗaya, da ba a son taga, ƙofa, bakin magudana ko soket a cikinta.

Dukansu sun fi iska nauyi, ƙasa suke kwanciya, su kori iskar numfashi daga ɗakin ƙasa ko rufaffen lungu. Ruwansu na tafasa a wajen digiri 40 zuwa 50 ƙarƙashin sifili, in ya fesu a fata ƙuna yake yi. Waɗanda ke da sinadarin fulorin kuma, in suka haɗu da harshen wuta ko ƙarfen da ya yi ja don zafi, suna rikiɗa su zama iska mai guba mai harbin ido da maƙogwaro. Wari mai kaifi irin wannan, da hawaye da tari, alama ce ta a kashe na'ura, a buɗe tagogi, a fita.

Yoyon koyil ɗin ciki yana da wani sanadi da ba a cika sani ba. Tururin wasu kayan gida, irin su fenti, gam, sababbin katakai da magungunan goge-goge, yana narkewa cikin raɓar koyil ya zama asid mai rauni, irin na ruwan khal da ɗan'uwansa. Asid ɗin na huda jan ƙarfe da ƙananan ramuka masu rassa kamar gidan tururuwa, ido ba ya ganinsu. Wannan na daga cikin dalilan da masana'antu da yawa suka koma koyil na alminiyam zalla.

Gas ɗin sanyi ba ya ƙarewa kamar man mota. In ya ragu, fita ya yi. Mai gyaran da ya zo ya ƙara gas ya tafi bai nemi ramin ba, ruwa ya zuba a rariya. Aikin da ya cika shi ne a nemo yoyon da na'urar shinshina ko ruwan kumfa, a kwashe ragowar gas ɗin cikin tukunya, a like ko a sauya abin da ya huje, a matsa layin da iskar nitrojin a ga ko zai riƙe, a zuƙe iska da laima har ma'aunin iskar da ta rage a layin ya sauka maikiron 500 ko ƙasa ya tsaya, sannan a zuba gas da sikeli daidai nauyin da aka rubuta, tare da ƙarin da tsawon bututu ya buƙata. Ba a gwada matsi da iskar oksijin, haɗuwarta da man kwamfuresa fashewa ce. In kwamfuresa ce ta ƙone, mai gyara zai ji kaifin warin ƙonannen mai da zarar ya buɗe layin, kuma dole ya auna asid a man ya sa matatar da za ta tsotse shi, in ba haka ba sabuwar kwamfuresar ma za ta bi ta farko. A Amurka da Tarayyar Turai doka ba ta yarda wanda ba shi da takardar shaida ya taɓa waɗannan gas masu fulorin ba.

Zaƙin wari na gaske yana zuwa ne daga na'urorin da ke ɗebo zafi daga cikin ƙasa ko masu zagaya ruwa a bututun daɓe, inda ake gauraya ruwan da gilaikol don kada ya daskare. A duba ma'aunin matsi, wanda a yawancin gidaje yakan zauna tsakanin bar 1 zuwa 2. In yana sauka, ga danshi mai santsi a ƙarƙashin wata mahaɗa, an samu wurin. Wani nau'in gilaikol guba ne mai zaƙi, a goge shi kafin yaro ko dabba su kai gare shi. Warin ƙarfe-ƙarfe mai kaifi kamar na bayan tsawa kuwa ozon ne, ko dai daga abin tace iska mai aiki da lantarki da aka haɗa wa na'urar, ko daga tartsatsi a wata mahaɗa. A kashe abin tace iskar, in warin bai tafi ba, an koma maganar lantarki.

Kabon monoksaid, iskar guba da ke fita daga ƙonewar gas ko fetur, ba shi da wari ko launi. Famfon zafi mai lantarki zalla ba ta yin sa, amma murhun gas da aka haɗa mata yana iya yi in jikinsa ya tsage, bututun da ke mayar da iska kuma in ya ratsa garejin mota da ɓaraka a jikinsa yana iya zuƙo hayaƙin mota ko na janareta. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da ke kama mutanen gida tare, su sake su idan sun fita waje, su ne alamar. Maganinsa ƙararrawa mai gano shi, a kafa ta kusa da ɗakunan kwana, a kuma duba ranar ƙarewar aikinta da ke rubuce a bayanta, don abin da ke shinshinar a cikinta yana mutuwa bayan wasu shekaru ko da batirin sabo ne.